Baba Tukuna da Farfelar Katako

Idan aka idar da sallar asuba a masallacin Kampung Baru, Malam Kalilu ne mutum na farko da ke neman takalminsa. Ba wai bai damu da addu'a ba ne, ya ce yakan ƙarasa tasa a hanya, tunda Allah yana ji ko a kan babur ne. Daga nan sai wurin matar da ke sayar da nasi lemak a bakin layi, shinkafar nan da ake dafawa da ruwan kwakwa. Zai ce mata tapau biyu, wato ta ƙunsa masa zai tafi da ita, ɗaya tasa, ɗaya ta duk wanda ya tarar bai karya ba. Ya ɗaure ƙunshin a bayan tsohon babur ɗinsa, ya bar dogayen benayen Kuala Lumpur a baya, ya yi tafiyar awa guda har inda gari ya ƙare gonakin kwakwar manja suka fara. A tsakiyar gonakin akwai wani ɗan filin jirgi mai titi ɗaya tal da babbar rumfar kwano. A rumfar nan ya yi shekara ashirin da ɗaya, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye sifana ya koma Kano.

Da yawa daga cikinmu Hausawan garin nan mun san shi ne kawai da dattijon da ke zama a sahun gaba ranar Juma'a, mai baƙin mai a ƙarƙashin farce. In aka tambaya sai a ce makanike ne. Gaskiya ne, amma ba ta cika ba.

Akwai mutanen da Allah ya jarabta da son tashi sama, kuma aljihunsu bai kai sayen jirgi ba. Irin waɗannan sukan yi odar jirgi a akwati. Ba wasa nake ba. Akwatunan katako ne ke zuwa ta teku, cike da fallayen alminiyam, da ƙusoshin ribit sama da dubu goma, da littafin bayani mai kaurin tubali. Mutum ya ɗauki Asabar da Lahadinsa na shekara biyar ko shida yana hudawa yana ɗaurewa, har abin ya zama ɗan jirgi mai kujera biyu. Likitoci ne, da malaman jami'a, da tsofaffin sojoji, suka haɗa kulob a wannan fili. Dokar kulob ɗin guda ce wadda ba a taɓa ta: komai takardun da ka samo daga hukuma, jirginka ba zai taka titin nan ba sai Kalilu ya sa hannu. Jirage goma sha bakwai aka haɗa a gabansa. Duk sun tashi, duk sun sauka, kuma duk masu su suna nan suna cin abinci da iyalinsu.

Kayan aikinsa ba su da wani kwarjini. Duk wata yana zuwa Jalan Tuanku Abdul Rahman, layin masu yadi, ya sayi ragowar farin yadin auduga da aka yanke. Sai fari, domin ɗigon mai ko garin ƙarfe ba ya ɓuya a jikin fari. Yana da tsohon kwabon ƙasar nan na sen hamsin da yake ƙwanƙwasa farfela da shi, ya kara kunne ya ji ko katakon lafiya yake har ciki. Kowace waya a cikin jirgi sai ya manna mata takarda ya rubuta sunanta, bai yarda da launi ba. Sannan duk ranar da jirgi zai tashi, za ka gan shi a gefen titi ya rufe ido, hannu a baya, yana sauraron injin har ƙararsa ta ɓace a bayan itatuwa.

Amma abin da ya fi shahara da shi kalma ce. Ƙasar nan ƙasar boleh ce. Ka tambayi tela ko zai gama gobe, boleh. Ka tambayi direba ko motar za ta wuce ta lungun nan, boleh lah. Komai zai yiwu. A tsakiyar wannan ni'ima Allah ya dasa Bakano guda mai cewa tukuna. Ka gama fiffike kana murna, ya shafa da tafin hannu ya ce tukuna, cire ƙusa arba'in ɗin nan. Ka gayyato iyali kallon tashin farko, ya leƙa ƙarƙashin inji da farin ƙyallensa ya ce tukuna. Malayawa suka fassara kalmar suka sa masa Pak Belum, mu kuma muka ce Baba Tukuna. Ba ya fushi da sunan. Yakan ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma shi bai taɓa ganin wanda ya mutu don ya daɗe a ƙasa ba.

Matarsa Hajiya Barira ce ta ba mu labarin da shi ba ya bayarwa. Ɗan mai gyaran keke ne a Fagge, kuma tun yana yaro ba ya son komai sai tuƙin jirgi. Ya ci jarrabawar shiga makarantar tuƙi a Zariya, ya wuce kowa a lissafi, sai ranar gwajin ido aka buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗige aka ce ya karanta lambar da ke ciki. Bai ga lamba ba. A ranar ya san cewa ja da kore ɗaya suke a idonsa, kuma a ranar aka rufe masa ƙofar sama. Bai koma gida ba, ya zagaya ta baya ya shiga sashen gyara. Kwas na wata shida ya kawo shi Malesiya, shugaban kulob ɗin nan, Kyaftin Rosli, ya ga yadda yake riƙe sifana ya ce ba inda za shi. Abin mamakin shi ne, a jirage goma sha bakwai ɗin nan babu ko ɗaya da ya taɓa hawa. Kowa ya yi masa tayi, amsarsa ɗaya ce: in na hau, wa zai tsaya ya saurara? Hajiya ta ce wannan dalilin baki ne. Na zuci shi ne yana tsoron in ya ɗanɗana, tsohon gyambo zai tashi.

Baba, kai ne wanda aka hana sama, ka ƙare rayuwarka kana buɗe wa wasu ita. Ba mu taɓa jin ka yi ƙorafi ba, ko sau ɗaya. Yabon gwani ya zama dole, amma ba don jirage goma sha bakwai na ɗauki alƙalami ba. Don guda ɗaya ne, wanda ka hana tashi.

Tomas mutumin Pankshin ne, injiniyan sadarwa, yana zaune a unguwar Titiwangsa da matarsa Felicia. Ranar da akwatunansa suka iso ya shigo rumfa yana gumi yana Turanci, sai ya ji dattijo ya ce masa, “Sannu da zuwa, ɗan Filato, ajiye a hankali ba doya ba ce.” Daga ranar ya zama ɗan gida. Kalilu da Hajiya 'ya'yansu mata ne uku, duk sun yi aure a Najeriya, don haka Tomas ya samu gurbi a buɗe. Da sallah yana Kampung Baru yana cin nama, da Kirsimeti Felicia na aiko da shinkafa. Shekara shida suna huda alminiyam tare.

Sun yi rigima a kan inji. Tomas ya ga wasu a intanet suna juya injin mota su ɗaura wa jirgi, ya fi arha, ya fi ƙarfi. Kalilu ya saurare shi har ya gama sannan ya ce, “Injin mota ya saba in ya gaji a gangara gefen titi a buɗe masa bonet. Can sama ina gefen titin yake?” Ya ƙara da cewa nauyinsa kaɗai zai cinye kujerar fasinja. A ƙarshe suka tsaya a kan ɗan inji mai silinda huɗu wanda dama don jirgi aka ƙera shi, mai ƙarfin doki ɗari, ba ya ƙin fetur ɗin da mota ke sha.

A kan farfela kuwa Tomas ne ya yi nasara. Kalilu ya fi son ta kabon, irin ta zamani, don ruwan ƙasar nan yana cin bakin katako, damshi kuma yana sa shi kumbura kamar ƙofar ɗaki da damina. Tomas ya ce, “Baba, mahaifina kafinta ne. Shekara hamsin yana fere katako ya biya mini makaranta. Kujerar daman nan tasa ce, don shi nake wannan wahala. Ina so a samu abu ɗaya a jikin jirgin nan da zai taɓa ya ce wannan na san shi.” Kalilu ma ɗan mai sana'ar hannu ne. Ya ce to, amma da sharaɗi: ba a tashi da ita cikin ruwa, ana duba ƙusoshinta duk sauyin yanayi, kuma in an cire ta a kwance ake ajiye ta, a inda iska ke ratsawa. Shi ya zaɓi wadda ba ta cizon iska da yawa, mai kama da giyar hawa tudu, saboda titin gajere ne, iskar zafi ba ta ɗaukar nauyi, ga itatuwan kwakwa a tsaye a ƙarshen titi. Farfelar ta iso daga hannun wani maƙerin katako na Turai, fallaye shida da aka manne aka fere, tana sheƙi kamar zuma.

Jirgin ya tashi lafiya. Tomas ya cika awa arba'in na gwaji shi kaɗai, kamar yadda kulob ya shar'anta kafin a ɗauki fasinja, Kalilu na gefen titi ido a rufe. Aka sa ranar zuwan tsoho, Baba Meshach mahaifin Tomas, da bizar wata ɗaya.

A tsakanin nan ne Kalilu ya je Kano ta'aziyyar yayansa, ya yi sati bakwai. Su kuma masu fili suka rufe titi don gyara. Tomas ya dubi farfelarsa a rumfar da babu kowa, zuciyarsa ta ƙi. Mu dai ba mu iya samun abu mai kyau mu bar shi a waje ba, sai falo. Ya kwance ta ya kai Titiwangsa, ya jingine ta a tsaye kusa da kabad ɗin tangaran, daidai ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, don tsoho ya fara cin karo da ita in ya shigo. Katakon da ya saba da damshin rumfa ya yi ta bushewa dare da rana, har mannin fallaye biyu ya buɗe kusa da gindi.

Tomas bai gani ba, Felicia ba ta gani ba. Idon kafinta ya gani. Baba Meshach yana wuni shi kaɗai a gida in sun tafi aiki, kuma mutumin da ya shekara hamsin yana gyara ba zai zauna yana kallon tsaga a kayan ɗansa ba. Ya sauka kedai, ɗan kantin da ke ƙasan bene, da nuni da hannu ya sayo gam da samfefa da ɗan gwangwanin banish. Ya kwaɓa garin katako da gam, ya cike tsagar, ya goge, ya shafe. Ko da fitila ba za ka ga wurin ba. Bai gaya wa kowa ba, kyauta ce ya yi wa ɗansa.

Ranar Asabar ɗin da aka sa, saura kwana tara tsoho ya koma, rumfa ta cika. 'Yan cocin su Tomas sun zo, ɗalibanmu na digiri na uku sun cika mota biyu, ga kuloli na dafa-duka a jere. Baba Meshach ya sa sabuwar kwat, yana ta gyara wuyanta. Kalilu, wanda kwana biyu ke nan da dawowarsa, ya karɓi farfelar zai ɗaura, sai hancinsa ya ji warin sabon banish. Ya ciro kwabonsa. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, har ya gangaro kusa da gindi, sai sautin ya mutu, kamar an buga ƙwaryar da ta tsage. Ya sake bugawa. Ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a hannun tsohon, ya ga ragowar banish a gefen farcen babban yatsa. Tsohon na kallonsa yana murmushi irin na gwani da ke jiran ɗan'uwansa gwani ya yaba.

“Tukuna,” in ji Kalilu.

Tomas ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskar ba ta wasa ba ce ya ce, “Baba, please. Ba yau ba. Not today.”

“Yau ɗin ma tukuna. Farfelar nan ba za ta hau sama ba.”

“Me ya same ta? Awa arba'in na yi da ita, kai ka sa hannu. Show me.”

Akwai 'yar wuƙa a aljihun Kalilu. Kankara ɗaya, rabin minti, da Tomas ya ga tsagar da idonsa, da magana ta ƙare. Amma da zai ga har da abin da aka cike ta da shi, a gaban mutum hamsin. Da tsohon da ya ratso rabin duniya ya zama shi ne ya ɓata ranar, shi ne kuma ya kusa jefo ɗansa daga sama da hannunsa. Kalilu ya bar wuƙar inda take.

“Kunnena ya ji abin da bai gamsu da shi ba,” ya ce.

“Kunne! Ni ban ji komai ba. Baba, sabuwa sai ta yi sati goma kafin ta iso, sannan a sake gwaji. Mahaifina yana da shekara saba'in da takwas. Yaushe zai dawo?”

Kalilu ya ɗauki alƙalami ya rubuta a gindin farfelar cewa kada a ɗaura. Nan ne Tomas ya faɗi maganar da har yau in ya tuna yake rufe fuska. Ya ce, “Kai ba ka taɓa tashi ba, ba ka san abin da ake ji ba. That's why ba ka son kowa ya tashi.”

Aka juya ga Kyaftin Rosli ko zai sa baki, ya ɗaga kafaɗa ya ce in Pak Belum ya ce belum, to belum ne lah. Babu wata farfela a kulob ɗin da ta dace da wannan inji. Wani likita ya ce zai ɗauki tsohon a nasa jirgin, Baba Meshach ya girgiza kai ya ce ai a jirgi ya zo ƙasar, ba jirgi ya zo hawa ba, na ɗansa ya zo hawa.

Da jama'a suka koma kan kuloli ba don suna jin yunwa ba, tsohon ya bi Kalilu bayan rumfa inda yake wanke hannu. Murmushin nan ya tafi.

“Malam, aikin bai yi ba ne?”

“Aikin ya yi kyau. Da tebur ne, da jikokinka sun ci tuwo a kansa. Farfela ce ba ta karɓar ciko. Tana juyawa sau dubu biyu da wani abu a minti ɗaya, tsagar na nan a ƙasa tana tafiya.”

Tsohon ya daɗe yana kallon yatsansa. “Za ka gaya masa?”

“Me zan gaya masa? Ni kunne kawai gare ni.”

“Ya zage ka saboda ni.”

“Ɗa ne. Ba a rasa ɗa da zafin baki.”

Baba Meshach ya ce shi zai gaya masa da kansa, in ya isa gida ya samu ƙarfin zuciya. Bai samu ba. Wata biyar da komawarsa ya faɗi a shagonsa, bai ƙara magana ba har ya cika.

Baba, kai kaɗai ka san nauyin abin da ka ɗauka a shekara biyun da suka biyo baya. Tomas ya daina zuwa rumfa, ya daina ɗaukar wayarka. Ka je gaisuwar mutuwa Titiwangsa, ya miƙo maka hannu kamar baƙo. Wasu daga cikinmu, Allah ya yafe mana, mun ce tsufa ne ya fara taɓa ka, ka hana bawan Allah cika burin ubansa saboda kwabo. Ka ji, ba ka tanka ba. Hajiya ta ce da sallah kakan sa ta ware kason Tomas na nama, ya wuni a rufe, da yamma ka ce a ba maƙwabta. Ta ce ta roƙe ka ka faɗi gaskiya ka huta, ka ce mata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma yaron ya riga ya rasa uba, ba za ka ƙara masa da ɓata hoton uban ba.

Jirgin kuwa bai san an yi faɗa ba. Duk Alhamis Kalilu yana yaye tamfol ɗin da aka rufe shi da shi, ya zuba ɗan mai a silinda don kada tsatsa ta kama, ya duba iskar taya, ya fasa gidajen da zanzaro ke ginawa a bututun auna gudu, ya goge shi da farin ƙyalle. Ba wanda ya sa shi.

Da aka kusa cika shekara biyu da rasuwar tsoho, Tomas ya sauko da farfelar daga saman kabad. Ya yi niyyar ya goge rubutun Kalilu ya maƙala hoton mahaifinsa a tsakiyarta ya rataye a bango. Yana goga samfefa sai banish ya tafi, wani layi mai launi daban ya fito, tsawon taƙi guda, ya nufi ramin ƙusa kai tsaye. Ya kai hanci. Garin katako da gam. Yana ɗan shekara bakwai ya fara kwaɓa wa mahaifinsa wannan haɗi a murfin gwangwani, kuma ya san yadda tsohon ke danna shi a karkace da babban yatsa. Felicia ta ce ta dawo ta same shi zaune a ƙasa da farfela a cinya.

Washegari Alhamis ce. Ya isa rumfa da safe, ya tarar da tamfol a yaye, jirginsa na sheƙi, dattijo a durƙushe yana duba taya. Ya ajiye farfelar a kwance a kan benci.

“Baba, ka sani.”

Kalilu ya miƙe da ƙyar, ya dube shi sama da ƙasa. “Ka rame. Ka karya kuwa?” Ya buɗe jaka ya miƙa masa ƙunshi na biyu.

Tomas ya durƙusa har ƙasa, shi da shinkafar a hannu, yana kuka kamar yaro. Kalilu ya ɗago shi ya ce ya isa, mahaifinka gwani ne, so ne ya sa shi, kuma ko ni aka bar ni da teburinsa ɓata shi zan yi. Da suka zo odar sabuwar farfela Tomas ya ce a sayi ta kabon a huta. Kalilu ya ce a'a, katako bai yi laifi ba, falo ne bai dace da shi ba.

Ba wanda ya kori Kalilu daga aiki, Kyaftin Rosli har roƙonsa ya yi. Shi ne wata safiya ya ƙwanƙwasa wata farfela ya ga sai da ya juyo da kunnen dama kafin ya tabbatar. A ranar ya rubuta takarda. Ya ce wanda ake dogara da kunnensa ba shi da ikon jira sai wani ya gaya masa ya fara kurumta.

Asabar da ta wuce aka yi masa walimar bankwana a rumfa. Bayan jawabai, Tomas ya turo jirginsa bakin titi, sabuwar farfela ta riga ta cika awanninta na gwaji. Ya buɗe ƙofar dama.

“Kujerar nan ba wanda ya taɓa zama a kanta. Ko Felicia na hana. Ta uba na yi ta. Baba, ka hau.”

Kalilu ya ja da baya. “In na hau, wa zai saurara?”

Hajiya Barira ta gyara mayafi ta ce, “Malam, shekara arba'in kana saurare. Hau, yau ni zan saurara maka.”

Sai Kalilu ya ciro kwabonsa ya ƙwanƙwasa farfelar daga wannan baki zuwa wancan, da kunnen dama, ya cire hula ya miƙa wa Hajiya, ya yi bismillah ya hau. Muka ga jirgin ya gudu, ya ɗaga, ya wuce kan itatuwan kwakwa da tazara mai yawa. Hajiya na gefen titi, ta rufe ido da gaske.

Minti ashirin aka tsara. Tomas ya ce da suka daidaita a sama, dogayen benayen gari na can nesa kamar an kafa allurai, sai ya ce masa, “Baba, riƙe.” Ya sakar masa sandar tuƙi. Dattijon ya riƙe ta da hannu biyu, kuma shi da ya ɗaura maɓallin rediyon da ke jikinta da hannunsa, ya manta ya danne shi da yatsa. Don haka duk abin da suka faɗa yana fitowa ta lasifikar rumfa. Mun ji numfashinsa. Mun ji ya ce subhanallah a hankali, ya ce ashe haka take da faɗi. Sai ƙarar inji tana tafiya sumul. Sannan muryar Tomas.

“Baba, lokaci ya yi. Mu sauka?”

“Tukuna.”

Rumfa ta ɗauki dariya, Malayawa da 'yan Filato da Kanawa, kuma da na duba babu wanda idonsa yake a bushe.

Mun gode, Malam Kalilu. Mun gode da rayuka goma sha bakwai, da ƙunshi na biyu, da wuƙar da ka bari a aljihu. Ku kuma matasanmu da ke nan kuna tara digiri, ku koyi kalmar nan kafin ku koma gida, domin za a kawo muku takarda a ce ku sa hannu, mai ita yana kuka, kuma kuna ƙaunarsa. Ku koyi hana mutum abin da zai kashe shi ba tare da kun tozarta kowa ba. Allah ya kai ka Fagge lafiya, Baba, ya ba ka hutu da lafiyar kunnen da ya rage. Tikitinka na hannunka, ba mai iya tsayar da kai. Amma da dokar kulob ta hau kanka, aka ce sai mun sa hannu kafin ka tashi, ka san kalmar da za mu rubuta.